Abin da Inna Furera Ta Gani a Rairayi

Ƙanena Mutari ba boka ba ne, ba mai duba ba ne, ko mafarkin kanshi bai iya fassarawa ba. Na faɗi wanga tun farko don har yau akwai masu nuna shi da baki a ƙauyenmu, nan bayan Tabotaki, kuma duk wadda ta sake yi gabana za ta ji abin da ba ta so. Lissahin lakwal, makarantar boko, yake yi, shi ke nan. Amma bari in bi da ku sannu, don in na fara da hushi ba za ku gane komi ba.

Daga Aljeriya ya dawo mana da ƙafa guda a karkace. Daga bisa gini ya faɗo a Tamanrasat, anka ɗora mishi ita yadda anka ga dama. Gonarmu kuwa duk wanda ya san Adar ya san irinta, rabi ƙasa rabi duwatsu, mai ƙafa biyu ma sai ya yi da gaske. Da ya ga noma ya hi ƙarhinshi, wani malamin kwaleji, Mushe Abdoulkadir, ya ba shi shawara ya rubuta sunanshi cikin masu zaman jarrabawar birebe daga gida, tunda dā ya kai ajin ƙarshe kahin ya gudu bida, neman kuɗi a ƙetare. In ya samu takardar, ko makarantar aikin likita ya shiga. Ya ara mishi wani tsohon littahi marar bango. Namiji da gemunshi, ya kusa talatin, ya koma ɗan lakwal! Na yi mishi dariya har na gaji, sannan na sayo mishi kaye na rubutu da alƙalamin bik.

Kayen bai daɗe ba ya cika da kashe-kashe, sai Mutari ya koma ƙorama. Bazara ce, ƙoramar ta bushe sarai, ga rairayi mai laushi, ga wani babban gawo ya ba da inuwa. Nan zai zauna ya miƙe ƙafar tashi, ya share rairayi da tahin hannu har ya yi sumul, ya rubuta da ɗan yatsa, shina gunguni. In ya ɓata, ya shahe ya sake. In na taso daga rijiya nakan biya in aje mishi hura, shi kuma ya tsare ni sai na ga abin da yake yi, wai in ya faɗa wa wani ya hi zama mishi a kai. Ni Cima, da anka cire ni lakwal ban gama ba, ni ce ɗalibarshi.

Ran nan ya rubuta tari biyu, kowane cikin bakanshi: (3x² + 5x − 2) da (x² − 5x + 7).

Ya ce, "Yaya, haɗa su za a yi. Iks mai ɗauke da biyu bisa kai, da ɗan'uwanshi mai ɗauke da biyu ake gama shi. Iks tsirara da iks tsirara, lamba da lamba. Ba a zuba hatsi da dawa buhu guda. Uku da ɗaya, huɗu. Wanga biyar shina shigowa, wancan biyar shina hita, sun kashe juna." Ya ja musu layi, ƙat, ƙat. "Saura 4x² + 5."

Na ce, "To shi iks ɗin nawa ne?"

"Ba a sani ba."

"Kana nan tun sahe, rana na gasa ka, kana haɗa abin da ba ka sani ba da abin da ba ka sani ba?"

"Haka ake yi, Yaya."

Na ce Allah shi kyauta, na ɗauki tuluna.

Haɗawa ba ta ba shi wuya ba. Ninkawa ma ya iya, in baka biyu sunka tsaya kusa da juna, wai kowa na cikin wanga sai ya gaisa da kowa na cikin wancan, illa shi kullum sai ya manta da guda bai gaisa ba. Abin da ya tsaye mishi a wuya shi ne wanda suke kira faktorize: a ba ka abin a cakuɗe, a ce ka gano daga waɗanne baka biyu ya hito. Nan Mutari zai zauna ya dahe kai, zufa na ɗiga bisa rubutun.

To ga abin da ya kamata ku sani. Mutari bai tahi arewa shi kaɗai ba. Tare sunka tashi da abokinshi Shamsuddin, ɗan farin Inna Furera, tsohuwar da gidanta ke kusa da masallaci. Bayan Arlit motarsu ta mutu cikin hamada, ruwa ya ƙare, sunka taka da ƙafa. Shamsuddin bai kai ba. Mutari da wasu mutum biyu da bai ma san sunansu ba sunka tona rairayi da hannu sunka ruhe shi. Ranar da Mutari ya dawo gida, Inna Furera ta riga kowa zuwa, da ƙwaryar hura a hannunta, tana rawar jiki. Ya dubi tsohuwar, bakinshi ya ce, "Na baro shi lahiya, Inna, shina aiki. Wurin babu rezon waya ne." Daga baya, da na ga kullum shina kewaye hanyar gidanta shina jan ƙafa ta bayan gari, na tsare shi na ce sai ya faɗa mini. Sai da ya sa na rantse da Allah ba zan hitar ba, sannan ya faɗa. Ya ce shi ya gani da idonshi, shi zai kai, lokaci kawai yake jira. Na ce lokacin nan fa kada ya tsufa.

Wata rana da hantsi na iso ƙorama da hurar, sai na tarar da Inna Furera zaune bisa saiwar gawon, sandarta a gicciye, ta zuba wa hannun Mutari ido. Na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba.

Mutari shina cewa, "Inna, wallahi karatun lakwal ne. Ga littahin."

Ta ce, "Na ji, ɗana. Yi aikinka."

"Ba duba nake yi ba."

"Babana ma haka yake cewa in baƙo ya tsaya kanshi."

Ashe babanta, Allah shi jiƙanshi, shi ke buga wa Buzaye masu ayarin raƙuma ƙasa kahin su tashi, ita kuma tana ƙarama ita ke tankaɗe mishi rairayin. Ta san yadda ake yi. A share ƙasa da tahin hannu, a yi zane layi-layi, a yi gunguni, a kashe bibbiyu, a duba abin da ya rage. Ku gaya mini, wanne ne Mutari ba ya yi cikin waɗanga? Ga shi kuma daga arewa ya hito, inda ta ce can masu abin suke. Na ce, "Haba Inna, wanga da ko akuyarmu ta ɓace sai ya tambaye ni?" Ta yi ɗan murmushi irin na wadda ta ga yaro na ɓoyon abu cikin riga.

Ta ce, "Ba ni tambayarshi komi, Cima. Ba a tambayar mai ƙasa, ba ya faɗin duka. Huskarshi ake kallo. Shi ya san wanda ke raina."

Ba ta taɓa kiran sunan Shamsuddin ba, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce wan Zaharaddini. Zaharaddini shi ne autanta, shi kaɗai ya rage mata a gida, shi ke noma, shi ke ɗebo ruwa, da rani ya tahi Tamaske ɗaukar buhunan albasa ya dawo mata da sukari da shayi. Ya daɗe shina roƙonta ta bar shi ya bi wanshi arewa, tana hana shi.

Tun daga ranar kullum tana nan. Mutari ya gwada komawa cikin gida, ta biyo shi ta zauna bisa turmina. Ya gwada rubutu da gawayi jikin ƙyauren langa-langa, ta ce me ya sa ya bar ƙasa, ko wani mugun abu ya gani? Dole ya koma ƙorama. Wa zai kori tsohuwa, balle shi? Mata sunka fara ratsowa ta wurin da tulunansu, hanyar da ba ta rijiya ba. Wata sahiya munka tarar da goro a ƙulle cikin tsumma bisa saiwar gawon. Na tsaya bakin ƙorama na ɗaga murya na ce duk mai goron ta zo ta ɗauki abinta kahin in ba jaki, kuma wadda mijinta bai aiko ba ta kira shi a waya, ƙanena ba ya da labarin kowa. Sunka watse suna ƙunƙuni. Ita kam Inna Furera ko motsi ba ta yi ba.

Abin da ya hi ba ni tsoro shi ne yadda take bin huskar tashi. In lissahi ya ƙi, ya ɗaure huska ya shahe da hushi, sai ka ga tsohuwa ta ƙanƙance, ta tashi da kyar ta tahi, ran nan ko tuwo ba za ta ci ba. Zaharaddini da kanshi ya faɗa mini. In ya ci guda ya saki rai, sai ta bi gari tana gaida kowa har da yara. Mutari ya lura. Sai ya shiga yi mata murmushi ko lissahin ya hito ko bai hito ba. Zai rubuta shirme, ya ja layi ƙarƙashi, ya ɗaga kai ya washe haƙora, idanunshi kamar na mai zazzaɓi.

Na ce mishi, "Kai, wanga abin da kake yi ya hi na farko muni."

Ya ce, "So kike ta mutu da yunwa?"

Na ce, "So nake ka buɗe bakinka ka faɗi gaskiya."

Ya ce bayan jarrabawa. In ya faɗa yanzu za a yi zaman makoki, gari ya taru kanshi, kanshi ya watse, shekara ta tahi a banza. Na ce to, jarrabawarka ta hi ran mutane, madalla.

Ba a daɗe ba labari ya iso ni bakin rijiya: Inna Furera ta saki Zaharaddini. Tunda ƙasa ta yi ta nuna alheri, ta ce ya tahi Tamanrasat ya nemo wanshi, ko ya taho da shi, ko dai ya sa mata muryarshi a waya. Ranar kasuwa mai zuwa zai bi motar 'yan bida. Guga na hannuna na sake ta, sai da anka sa ƙugiya anka hiddo.

Ban ko kai ruwan gida ba na nuhi wurin yaron. Na same shi shina yaɓe rumbun uwarshi, wai kada damina ta zo ba ya nan. Dogo ne siriri, tamkar Shamsuddin sak, har yadda yake karkata kai in ana mishi magana.

Na ce, "Zaharaddini, ka bari damina ta wuce mana. Wa zai yi wa Inna shuka?"

"Na yi magana da 'ya'yan kawuna, Yaya Cima."

"Hanyar nan da zahin nan ba ta da kyau. Kuma kai da karatunka, ka yarda da bugun ƙasa?"

Ya yi dariya ya yarfe laka. "Ni? Ban yarda ba, haramun ne ma. Na san lissahi Mutari ke yi, na ga irinshi wurin 'yan kwaleji. Amma abin ya yi mini rana, tunda ya sa Inna ta sake ni. Kuma ai Mutari da bakinshi ya ce ya baro shi lahiya. Ko akwai wata magana?"

Ya tsaya shina kallona da kan nan a karkace. Na kusa faɗa mishi. Amma mutuwa ba a jin ta daga bakin mace bakin rumbu, wadda ba ta gani ba, mai gani kuwa na zaune gari. Na ce babu, Allah shi kiyaye hanya. Na juya na nuhi ƙorama, raina a ɓace.

Na ci sa'a tsohuwar ba ta iso ba. Na tsaya bisa rubutun Mutari da ƙafafuna biyu, na ce, "Ka ji?"

Ya ce ya ji.

"Ka ruhe guda da hannunka, yanzu kana so ka aika na biyu wasu su ruhe?"

Ya ce, "Yaya, kada ki faɗi haka."

"Na faɗa. Hanya guda ce, mota irin guda ce, zahi ma bana ya hi."

Ya ce ba zai bari Zaharaddini ya tahi ba, wallahi ba zai bari ba, kahin ranar kasuwa zai je wurin tsohuwar. Kasuwa da saura. Shina so ne ya samu yadda zai fara maganar. Na ce maganar ba ta da wani yadda, kalma biyu ce. Sai ga ƙarar sandar Inna Furera bisa duwatsun gangare, ƙwas, ƙwas, tana saukowa. Mutari ya goge ido da hannun riga, ya share rairayin da na tattake, ya ɗaga kai ya yi mata murmushin nan. Na tsani murmushin nan har cikin raina.

Kwanakin da sunka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Kullum da la'asar hadari ya taso gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya bisa tsauni, iska mai zahi ta buso, sannan ya watse ko ɗigo babu. Awaki sun yi shiru. Kullum da sahe in ce, "Yau?" ya ce, "Gobe." Zaharaddini ya sayi jarka ya ɗinke ta cikin buhu don ruwa ya yi sanyi, na gan shi ya rataye ta jikin dalbejiyar ƙofar gidansu. Duk wucewar da zan yi sai na ga jarkar nan tana lilo.

Cikin haka Mutari ya maƙale wa wani lissahi guda. Mushe Abdoulkadir ya ce mishi irinshi ba ya rasa hitowa a birebe, wanda bai iya shi ba kada ma ya ɓata kuɗin mota zuwa Bouza, inda ake zaman jarrabawar. Na gan shi har na hardace: x² − 9 + (x + 3)(2x − 1). Wai a mai da shi baka biyu kawai. Ya rubuta, ya warware, ya tara, ya tsaya, ya shahe. Ya sake. Har wurin ya yi rami don shara. Ina jin ya ɓuya ne cikin lissahin nan, don muddin bai hito ba shina da abin da zai ce ya hana shi zuwa gidan Inna Furera.

Ran nan da la'asar ina nan tsaye, tsohuwar na bisa saiwarta, hadari ya haɗu kamar kullum. Mutari ya daɗe bai motsa ba, ɗan yatsanshi bisa taran nan. Sai na ji ya ce, "Kai!" a hankali. Ya sake cewa, "Kai! Tara ai uku sau uku ne!" Ya rubuta da sauri. Ashe x² − 9 ɗin nan shi ma baka biyu ne a ɓoye, (x + 3) da (x − 3). "Yaya, dubi, ga x + 3 nan, ga shi nan kuma, ɗan gida guda ne ya shiga ɗaki biyu! A jawo shi waje!" Ya jawo shi, ya tara abin da ya rage, ya rubuta (x + 3)(3x − 4). Bai yarda ba, ya ninka su ya koma baya, kowa ya gaisa da kowa, wannan karon bai manta da ko guda ba. Ya warware na farkon ya aje kusa. Iri ɗaya sak.

Wayyo, dariyar da ya yi! Tun dawowarshi ban ji ta ba. Ya buga rairayi da hannu biyu, ya jefa hularshi sama, ya kwanta rigingine shina dariya har da hawaye. Ya manta da ƙafarshi, ya manta da ni, ya manta da wadda ke zaune bayanshi. Ni ma, Allah ya sani, sai da na ji daɗi, don ƙanena ne.

Sai na waiwaya. Inna Furera ta miƙe tsaye, ba ta ko dogara sanda ba. Huskarta ta yi haske, leɓɓanta na motsi. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi." Ba ta yi mana sallama ba, ta hau gangaren da sauri kamar yarinya.

Mutari ya tashi zaune, rairayi a gemunshi, dariyar ta mutu. Ya ce, "Me ta gani?"

Na ce, "Kai ta gani."

Da magariba na aje mishi tuwo na zauna gabanshi. Na ce na gama jira. Gobe da sahe ko ya tashi mu tahi tare, ko in tahi ni kaɗai wurin liman in faɗi duk abin da na sani, in yi azumin kaffarar rantsuwata, kuma kada ya sake kirana Yaya. Ya ce ba sai an kira liman ba tukuna. Shi kaɗai ya yi ƙaryar, shi zai je ya kwance ta, ni dai in tsaya kusa da tsohuwar saboda faɗuwa. Bai ci tuwon ba.

Da sahe sai da ya yi wanka, ya sa rigar Juma'a, ya cire, ya sake sawa. Ya nemi hula. Ya zauna ɗaure takalmi kamar mai saƙa shi. Ina tsaye bakin ƙofa ina cizon leɓe, don na san in na yi magana zan yi ta da yawa. Hantsi ya ɗaga kahin mu hita. Ya bi ta gaban masallaci, hanyar da ya daina bi, shina jan ƙafa, mutane na gaishe shi ba ya ji.

Jarkar ba ta jikin dalbejiya.

Munka yi sallama. Inna Furera na tsakar gida tana shara, ta sa sabon kallabi. Da ta ga Mutari ta yar da tsintsiya ta taho da hannu biyu a buɗe.

"Marhabin da ɗana! Yau kai ne a gidana? Cima, jawo tabarma. Dā ma ina shirin zuwa in yi maka godiya."

Na ce, "Inna, ina Zaharaddini?"

"Ya tahi, 'yata. Tun kiran salla Kalla mai kabu-kabu ya ɗauke shi, ya ce zai kai shi har inda zai samu motar Agadas ta sahe. Yanzu kam sun yi nisa."

Na ce, "Ba ranar kasuwa anka ce ba?"

"Haka anka ce. Amma babana, in ya yi wa ƙasa dariya irin ta jiya, ba ya bari ayari ya ƙara kwana, ya ce hanyar da ta buɗe ba a sa ta jira." Ta dubi Mutari tana girgiza kai da murna. "Na san murmushin 'yan kwanakin nan na haƙora ne, don ka kwantar mini da rai, ban ce komi ba. Na jiya kuwa daga ciki ya hito. Ban ko runtsa ba, na dafa mishi guzuri."

Mutari ya jingina da bango. Ni ban tsaya jin sauran ba, na kwance bakin zanena na hiddo waya, ina da lambar yaron. Na danna ta. Na kara a kunne. Ta shiga, na ji ta shiga, na ce Allah na gode maka. Sai na ji wani kiɗa na tashi daga cikin ɗakin Inna Furera.

Ta shiga da sauri ta hito da wayar Zaharaddini cikin 'yar ƙwarya, tana ta ƙara, tana haske.

"Ya bar mini ita. Ya ce in sun haɗu da wanshi nan za su kira ni. Cima, duba mini, ko su ne tun yanzu?"

Na kashe tawa, ta cikin ƙwaryar ta yi shiru. Tsohuwar ta dubi hannuna, ta dubi ƙwaryar, ta dubi rigar Juma'ar da ke jikin Mutari ranar da ba Juma'a ba. Mutari ya zame jikin bango har ya kai ƙasa, ya cire hula.

Ya ce, "Inna, ƙarya na yi miki ranar da na dawo. Shamsuddin ya rasu. Bai kai Tamanrasat ba, ƙishirwa ce, bayan Arlit. Ni na ruhe shi da hannuna."

Na matsa na riƙe ta, amma ba ta faɗi ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta aje ƙwaryar a hankali bisa turmi don kada wayar ta faɗo. Ta daɗe tana kallon ƙofar gida. Sannan ta juyo wurin Mutari, ta yi tambaya da ƙaramar murya, kamar da gaske tana jiran ya ba ta amsa.

"To Zaharaddini, wa zai tarbe shi can?"